Ranar da Ƙaho Ya Yi wa Garaya Amshi

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da aka ɗauki kiɗan mahaifina a faifai ba.

Baba makaɗin garaya ne a wani ƙauye kusa da Kusada. Ni kuwa, ɗan da ya kamata ya gaje shi, na tsere Kaduna lokacin da kuɗin mai suka fara ruɗa mutane, na koyi busa ƙahon Turawa, ina kiɗan jaz a otal-otal. Shekara shida in na zo gida, gaisuwata kawai yake amsawa. Ko sunana ba ya kira, sai "mai ƙaho".

Da na ga hannunsa ya fara rawa, sai na lallaɓi wani mai kamfanin faifai a Kano ya zo ya ɗauke shi kafin garayar ta gagare shi. Mutumin ya ce yini ɗaya zai ba mu. Muka shirya a zauren wani abokina a Kankiya, na ɓoye ƙahona bayan ƙofa don kada ran Baba ya ɓaci.

Sai aka wayi gari da ruwan shuka. 'Yan amshin Baba su huɗu, babu wanda ya leƙo, kowa ya saɓi sungumi ya yi gona. Ni na sa ranar, ɗan birni, ko sama ban duba ba.

Na ce, "Baba, ko in je in kirawo su?"

Ya ce, "Ka kira manomi ran shuka? Lalle Kaduna ta cinye maka hankali." Ya juya wajen mai faifai, wanda ke ta duba agogo. "Kunna abin ga, malam, ni ɗai na isa."

Ya ja baitin farko, ya bar gurbin amshi kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Shiru. Ya ja na biyu, shiru. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ban san sa'ad da na jawo ƙahon ba, na busa amshin nan da nake ji tun ina goye.

Ya ɗago ya harare ni, amma hannunsa bai tsaya ba. Ya ƙara baiti, na amsa. Ya murɗa kiɗan don ya kayar da ni, na bi shi, har na ƙara da ɗan salonmu na otal. Tsoho ya gyara zama. Can, inda yakan ambaci babban ɗan amshinsa, sai na ji ya rera: "Karɓa mani, ɗana, magajin garaya."

Har yau wanda ya saurari faifan zai ji ƙahon ya ɗauke a wurin. Kuka nake yi.

Na daɗe ina neman kalmomin da zan ba shi haƙuri da su, ashe bai damu da su ba. A zauren nan na gane cewa uba zai iya haƙura ka bi wata hanya daban, muddin in ya kira, zai ji ka amsa.