Andarawus da Manhajar Rabin Kuɗi

Andarawus mutumin Auna ne, manomi ɗan manomi. Da rani yakan shigo Kontagora ya ja Keke Napep, in hadari ya fara haɗuwa ya koma gona. Shekara tara muna maƙwabtaka da shi. Mutum ne mai gaskiya, sai dai in ya ƙulla abu a ransa, ko fastonsu bai isa ya kwance ba.

Bara waccan wani kamfani ya shigo gari da manhajar kiran keke ta waya. Fasinja ya biya rabin kuɗin hanya, kamfani ya cika wa direba sauran. Nan da nan gari ya raɗa mata suna Rabin Kuɗi. Mutanen da a da suke takawa har kasuwa suka koma 'yan gata, ko bakin titi za su je sai sun latsa waya. Ni ma ban bari an ci babu ni ba.

Wakilin kamfanin, wani matashi mai suna Prince, ya tara direbobi ya ce kowa na iya sayen hannun jari. Bai ɓoye musu komai ba. Ya ce yanzu da gangan ake asara don mutane su saba, in sun saba a janye rangwamen, riba ta fara shigowa. Maganar ta zauna wa Andarawus, domin a ganinsa noma ne sak, ka zuba iri ka jira. Ya kora shanun huɗarsa biyu zuwa kasuwar Beri ya sayar, ya zuba kuɗin duka.

Matarsa Deborah ta ce, "Baban Success, da me za mu yi huɗa in ruwa ya sauka?"

Ya ce, "Kafin damina biyu zan sayi huɗu."

Abin da Prince bai sani ba, shi kuma Andarawus ya sani amma bai kawo a ransa ba, shi ne a garin nan da mutum ake hulɗa. In ka ji daɗin tuƙin direba, lambarsa kake karɓa. Ranar da aka janye rangwame, Hajiya Salihatu mai sayar da atamfa, wadda yake kaiwa shago kullum, ta ce masa, "Malam Andarawus, ba ni lambarka in riƙa kiranka kai tsaye. Ni da kai mun san juna, me ya kawo kamfani tsakaninmu?"

Ya ba ta. Hana ta rashin mutunci ne, ga shi kuma kason da kamfani ke cira zai zauna a aljihunsa. Washegari ya ba wani, jibi ya ba wata. Sauran direbobi ma haka suka yi. Keke bai daina cika ba, manhajar ce ta yi shiru. Wata shida aka rufe ofis, Prince ya yi sallama da kowa ya tafi, ba tare da ya ci sisin wani ba.

Andarawus ya dawo gida yana huci ya ce an cuce su. Deborah ta ɗauki wayarsa ta buɗe masa jerin sunayen fasinjojin da ke kiransa, ta ajiye a gabansa.

"Baban Success, kai ne mai kamfani, kai ne kuma ka kwashe masa kwastomomi. Wa za mu kai ƙara?"

Ya kife wayar ya tashi ya fita. Gaskiya ranar na tausaya masa.

Da ruwa ya sauka suka koma Auna. Gonar da shanu ke gamawa a kwana huɗu, shi da Deborah suka yi mako uku a kanta da garmar hannu. Ba su kai rabi ba lokacin shuka ya wuce, sauran ya bar wa ciyawa.