Rufus da Laftof ɗin da Ta Ƙi Sayuwa

Rufus mutumin Pankshin ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune a unguwar Mu'aither a wata ƙasar Larabawa da matarsa Juliet, ma'aikaciyar jinya, da 'yarsu Jael. A wurin aiki ba a taɓa jin an yi ƙorafi a kansa ba. A kasuwa ne yake da matsala. Ko tumatir zai saya sai ya juya shi, ya shinshina, ya tambayi ƙasar da aka noma shi.

Da korona ta kulle gari, ya samu wani kwas na intanet da ake koyar da zanen bututun iska na manyan gine-gine. Wanda ya iya wannan zane ya bar hawa rufin gida da tsakar rana. Sai dai kwas ɗin na buƙatar laftof, kuɗin da Rufus ya ware kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Da aka buɗe shaguna ya nufi wani shagon kwamfuta a unguwar Old Airport, inda Bawah, ɗan zangon Kumasi, yake tsaron kanta. Bawah ya ji Hausa ta bayan takunkumi, ya yi murna, ya aika aka kawo shayin karak. Bai san abin da ya jawo wa kansa ba.

Bawah ya nuna masa mai araha, Rufus ya ce ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga huɗu ne, zane zai shaƙe ta. Ya nuna masa ta masu wasan gem, mai fitilu ja da kore, Rufus ya tambayi farashi, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Ta uku ta yi nauyi. Ta huɗu fankarta na ƙara, shi kuwa a harkar fanka ba a yi masa gardama. Ya ce zai je ya yi tunani.

Tunanin nan ya kai shekara biyu. Aka yi rigakafi, aka cire takunkumi, Jael ta shiga makaranta, Rufus na nan yana zuwa duk Juma'a da yamma. Duk lokacin da ya kusa yanke shawara sai ya ji sabon samfuri na tafe. Baƙi ma sukan ɗauka ma'aikacin shagon ne, har ya taimaka wa wasu suka zaɓi nasu suka tafi.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta zo ƙasar. Washegarin da aka fitar da Ghana, Juliet ta ɗauki jakarta ta ce, "Baban Jael, yau da ni za a je."

Suka tarar da Bawah ya kifa kai a kanta, muryarsa ta dishe saboda ihu a filin wasa.

"Oga Rufus, don Allah yau ba ni da ƙarfin ram da furosesa," in ji shi.

Juliet ta ja kujera. "Bawah, sannu da haƙuri. Ni ce mai tambaya yau. Baban Jael, me za ka yi da ita?"

"Zane."

"Gem fa?"

"Ni da gem?"

"Za ka riƙa yawo da ita?"

"A kan tebur za ta zauna."

"To ina ruwanka da nauyinta?"

Bawah ya ɗago kai, ya miƙa hannu bayansa ko dubawa bai yi ba, ya sauko da wata baƙa mai kauri: giga goma sha shida, allo mai faɗi, ba fitila ko ɗaya, farashinta daidai aljihu.

"Amma na ji wata mai zuwa..."

"Khalas! Ya isa!" Juliet da Bawah suka faɗa tare.

Rufus ya miƙa katinsa yana kallon silin. A mota ya rungume kwalin a cinyarsa, ya hana Juliet taka burki da ƙarfi.

Kwas ɗin ya ba shi wuya da farko, don yatsun da suka saba da sifana ba su san linzamin kwamfuta ba. Amma kafin zafi ya dawo ya gama, kamfaninsu ya mayar da shi ofishin zane. Zanensa na farko na wata makarantar yara ne a unguwar Madinat Khalifa. Ranar da aka kunna injinan, ya bi ajujuwan yana ɗaga tafin hannu ƙarƙashin kowace kafar iska, har mai gadi ya zo ya ce masa za a kulle ƙofa.