Kunnen Hagu na Maiɗakina

Da ana dawo da abin da ya wuce, da na fasa kwalbar maganin nan tun ranar da na sayo ta. Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba.

A Yako muke zaune lokacin, wajen tsakiyar shekarun tamanin. Maiɗakina ta fara kukan ƙaiƙayi a kunnuwa, kullum tana susa da gashin kaza. Ni kuwa don na gama firamare ina iya karanta rubutun jikin kwalba, sai nake ganin kaina rabin likita. Na hau keke na tafi Kiru, na sayo maganin ɗigawa a kemis, irin wanda ya warkar da ƙanena lokacin da kunnensa ke zubar da mugunya.

Safe da yamma ina ɗiga mata. Wata rana ta ce, "Malam, abin nan fa ƙaruwa yake yi. Ji nake kamar an cusa mini jiƙaƙƙiyar auduga."

Na ce, "Ciwon ne ke fitowa. Ke dai ba ki da haƙuri."

Kwalba ta ƙare na sayo wata, har na haɗa da narkakken man shanu da na karɓo a ruga. Haka muka cinye damina.

Ranar da jikina ya yi sanyi, jaririyarmu ce ke tsala kuka a ɗaki, uwar tana tankaɗe a bakin ƙofa, ko waiwayawa ba ta yi ba. Washegari muka shiga motar Kano.

Likita ya haska kunnen, ya zaƙulo wani baƙin abu kamar kunkunniya. Ya ce, "Fumfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Maganinka ba ya kashe ta, danshi ma yake ƙara mata." Ya wanke, ya ba mu na kashe fumfuna. Cikin 'yan makonni ƙaiƙayi ya tafi, kunnen dama ya buɗe sarai. Na hagu kuwa dodon kunnen ya riga ya huje.

Yau mun tsufa, da jikoki. In na manta na yi mata magana ta hagu, sai ta yi dariya ta ce, "Likita, zagayo ta dama." Ita ta yafe, ni ne dai na kasa dariyar.

Don Allah, in kunnen naku ya ƙi jin magani, kada ku ƙara kwalba. Ku kai shi a haska a ga abin da ke ciki.