Mai Wankin Grindle da Rigimar Pikarel

Tun yana yaro Orest Halaburda ba ya iya ganin zafi yana tafiya a banza. A gonarsu da ke Manitoba a ƙasar Kanada, uwarsa ta sha tsintar safarsa a bayan rediyo, ta sha zaro ta daga ƙarƙashin kazar da ke kwanci. In an yi masa faɗa sai ya ce ai ɗumin yana nan, ba mai amfani da shi. Ya girma ya tuƙa motar 'yan makaranta har furfura ta cinye masa kai, kuma duk tsawon aikin nan a kan injin motar yake ɗumama abincinsa. Da ya ajiye aiki sai ya sayi shagon wanki ɗaya tilo da ke garin Grindle.

A nan ya ji labarin Pikarel, wani ƙaramin kuɗin intanet da aka raɗa wa sunan kifin tafkinsu. Ba buga shi ake yi ba, haƙo shi ake yi: ka kunna injina su yi ta lissafi suna shan wuta, jefi-jefi a jefo maka sule. Sulallan ba su dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne da aka ce injinan suna zafi kamar gidan burodi, har mutane na sayen fanka don su kori zafin.

"Su kore shi zuwa ina?" ya tambayi matarsa Noreen.

"Waje mana."

Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ya sayo tsofaffin injina ya jera a ɗakin baya, ya ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango. Kafin hunturu ya yi nisa, duk zannuwan gadon Grindle a ɗakin nan suke bushewa. Ƙarar kamar jirgi zai tashi, kayan kuma suna fitowa da ƙamshin gasasshiyar ƙura, amma mutane suka saba.

Wanda bai saba ba shi ne Leland Thiessen, ƙanin Noreen. Shi aikin karanta mitar lantarki ya yi har ya tsufa, kuma in ya ga mita tana gudu sai ƙirjinsa ya kama bugawa. Ranar da ya zagaya bayan shagon ya ga ta Orest, zama ya yi a kan ƙanƙara.

"Wutar da za ta haska rabin gari kake ƙonawa don ka busar da kamfai?"

"Wutarmu ta ruwa ce, ƙanin matata. Ko na kunna ko ban kunna ba, kogi gangarowa zai yi."

"To ka bar shi ya gangara wa masu hankali."

Leland bai tsaya nan ba. Ya sayi 'yan sulalla don kawai ya sami bakin magana, ya shiga zauren Pikarel na intanet, inda masu kuɗin ke taruwa daga ko'ina. Ya tarar da zauren ya rabu biyu. Akwai 'yan Gumi, masu cewa kuɗin da inji bai wahala a kansa ba ba kuɗi ba ne. Akwai 'yan Ajiya, masu cewa a kashe injinan, a bar masu riƙe da sulalla su tsare tsarin, kowa da ta cewa daidai abin da ya ajiye. A gefe akwai wata mata daga jihar Arizona ta Amurka da ba ta da magana sai hasken rana, da wani ɗan jihar Vermont da ya dage a haɗa injinan da kekuna, kowa ya tuƙa nasa. Nan da nan Orest ya zama bakin 'yan Gumi, Leland na 'yan Ajiya.

Rigimar ta biyo su gida. A bikin godiya na kaka, Leland ya nuna Orest da cinyar talotalo, Orest ya buga tebur, miya ta kife a kan surukarsa. Noreen ta miƙe.

"Daga yau duk wanda na ji ya ambaci kifin nan da bakinsa, a mota zai kwana. Har kai, Auta."

"To, Yaya," in ji Leland, wanda a lokacin yake da jikoki.

Suka bi doka. Da baki ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa da "miƙo gishiri". Amma kowa da wayarsa a kan cinya. Orest zai ce, "Ƙara dankali mana, Leland," alhali yatsansa na rubuta wa duniya cewa akwai wani tsohon mai karatun mita da ke tsoron fitilar firjinsa. Leland zai ce, "Na gode, ya yi daɗi," yana aika amsa cewa wasu sun ɗauki ɗumamar duniya aikin shanya.

Wata Asabar suka fita kamun kifi, suka zauna a bukkar Orest a kan daskararren tafki, gwiwa na gogar gwiwa, kowa ya zura fatsa a ramin da ya huda a ƙanƙara ya duƙufa kan waya. Can Orest ya ga igiyar Leland tana rawa. Ya buɗe baki, sai ya ji rubutu ya fi masa sauƙi. Ya rubuta a zaure: "Leland, abu ya kama maka, ja kafin ya tafi da ƙugiyar."

Leland ya karanta, ya amsa: "Barazana ba ta ba ni tsoro."

Kifi ya tafi da ƙugiya. A zaure kuwa aka yi makonni ana fassara maganar. 'Yan Gumi suka sa ta a riguna. Matar Arizona ta ce kifin yana nufin rana.

Daga ƙarshe aka kaɗa ƙuri'a, 'yan Ajiya suka yi rinjaye. Dokar zaure ta ce wanda bai yarda ba yana iya ci gaba da tsohon tsari, don haka Pikarel ya rabu biyu, duk sulen da mutum ke da shi ya zama yana da shi a kowane ɓangare. 'Yan Gumi suka rantse za su tsaya da Orest har ƙarshe, sannan suka sayar da injinansu ɗaya bayan ɗaya. Ya wayi gari shi kaɗai ne a tsohon tsari. Abin ya yi masa ciwo, amma ga wanki jiƙe yana jira, sai ya bar injinansa a kunne.

A sabon tsari aka zauna duba wa ya fi ajiya, tun da shi zai fi kowa ta cewa. Orest ya yi shekaru yana haƙa, kuma bai taɓa sayar da ko sule ɗaya ba, don bai taɓa neman sanin yadda ake yi ba. Na kowa in aka haɗa bai kai nasa ba, don haka shugabancin Ajiya ya faɗo kansa. Mutanen da suka kira shi maƙiyin itatuwa suka fara tambayar lafiyar iyalinsa. Ya ce ba ya son kujerar. Aka ce sauka sai an yi ƙuri'a, ƙuri'a kuwa ba ta wucewa sai da hannun shugaba. Ya duba takardar neman ƙuri'ar, ya ga an rubuta ta da rashin ladabi, ya ƙi sa hannu.

Orest mutum ne mai riƙon amana. Da safe yakan rubuta wa 'yan Ajiya wasiƙa mai zafi a matsayinsa na shugaban Gumi. Da yamma ya zauna a matsayin shugaban Ajiya ya karanta, ransa ya ɓaci, ya mayar da martani. A hankali ya gano 'yan Ajiyar nan suna da 'yar hujja, abin da ya ƙara fusata shi da safe.

Da zaure ya gaji, aka nemi a yi sulhu, aka naɗa Leland mai shiga tsakani. Noreen ta ɗage dokarta na yini guda. Suka shiga ɗakin shanya da kujeru uku, Orest yana tashi daga wannan ya koma waccan, kowa na ɗaga murya saboda ƙarar injina. Gumi ya yarda ya kashe rabin injinan da bazara. Ajiya ya ce sai duka. Gumi ya ce a janye kalmar maƙiyin itatuwa. Ajiya ya ce ba shi ya faɗa ba. Wajen la'asar ɗayansu ya fice a fusace, taro ya watse.

Leland ya shigo kicin jiƙe da zufa, ya zube a kujera. Noreen ta zuba masa kofi.

"Yaya aka ƙare?"

"Yaya, mutumin nan ba ya jin magana."

"Wanne?"

"Na Ajiyar ya fi taurin kai. Da mijinki kaɗai ne, da mun daidaita."

An sa ranar sake zama bayan ƙanƙara ta narke. Orest ya ce zai zo, in dai ɗayan ya fara ba da haƙuri.