Rabin Tanki da Farin San Baba

Shekarun baya, lokacin ina gida a ƙauyenmu da ke bayan Sandamu, mahaifina yana da shanun huɗa biyu, fari da ja. Farin ne ɗan lelensa. Mu 'ya'yansa har tsegumi muke yi cewa da za a ce ya zaɓa tsakaninmu da san nan, sai ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara.

A bazarar wata shekara rijiyar unguwarmu ta ƙafe, muka koma ɗebo ruwa a burtsatsen ƙauyen da ke gaba da mu. Wani ƙaton tankin roba muke ɗorawa a amalanke, mu ɗaure shi tam, mu cika shi fal, shanun su jawo. Akwai wani gangare mai kwana kafin a shigo gari, amma kullum lafiya lau muke wuce shi.

Ran nan farin ya tashi ba ya cin harawa sosai, ga damina ta matso, kuma da shi za a yi huɗa. Baba ya zagaya shi, ya shafa masa tozo, sannan ya ce da ni da yayana kada mu kuskura mu cika tankin, mu tsaya a rabi don a rage masa nauyi. Ni sarkin iyayi har da ƙarin bayani, wai ai kowa ya san rabin tanki ya fi cikakke sauƙin ja.

Muka ɗebo rabi. Tun a hanya nake jin ruwan yana dukan cikin tankin, amalanken yana ɗan rangaji, ban kawo komai a raina ba. Yayana yana sama riƙe da igiyar shanun, ni ina tafe a gefe. Muna fara gangarawa sai ruwan ya kwararo gaba, ya tura amalanken kan shanun. Yayana ya ja su don su rage sauri, daidai kwanar kuwa ruwan ya tattaru gaba ɗayansa ya bugi gefe guda. Da idona na ga taya ta ɗaga sama. Amalanken ya kife, yayana ya faɗa cikin yashi, karkiya ta murɗe, farin ya zube a kan ƙafarsa ta gaba. Ƙarar da na ji ba ta itace ba ce.

Nan da nan labari ya kai gida, sai ga Baba a guje, ba takalmi.

"Ba na ce ku rage ba?"

"Wallahi mun rage, Baba," in ji yayana. "Rabi ne."

Baba ya duba ƙafar farin, ya ga ƙashi a waje. Ya karɓi wuƙa, sai kuma ya miƙa wa wani maƙwabcinmu da ya biyo shi don ya yanka san, shi ya juya baya. Ko yanka ɗaya na naman bai ci ba, kuma a daminar nan da san aro muka yi huɗa.

Sai daga baya na gane abin, wata rana da na ɗauko rabin bokitin ruwa yana ta dukan ƙafata yana jiƙa min wando. Cikakken tanki ruwansa ba shi da wurin zuwa, yana zaune kamar buhun gero. Rabin kuwa fili gare shi, in ya tashi gudu da duk nauyinsa yake tafiya. Har yau abin yana girgiza ni, don da mun cika tankin yadda muka saba, da mai yiwuwa ba abin da zai faru. Tausayi ne ya sa aka rage.

Baba ya tsufa yanzu, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Amma in yana zaune a ƙofar gida amalanken ruwa ya zo wucewa, sai ya tsayar da mai shi, ya tashi da ƙyar, ya ƙwanƙwasa tankin daga sama har ƙasa. In ya ji sama fanko ne, sai ya ce, "Ɗana, koma ka cika shi."