Ranar da Sikeli Ya Yaudari Gado

Gado bai taɓa yarda da kowa ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara shida. Tun muna yara a Tsibiri, in inna ta ce akwai nama a miya sai ya sa ludayi ya laluba. Ranar da na gama koleji na kawo takardar sakamako gida, shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya karɓa ya ɗaga ta a rana yana duba hatimin. Da ya girma, in ka gaishe shi da fara'a sai ya yi shiru yana jiran abin da ka zo roƙo. Zama da shi ba daɗi. Matarsa Tahira ta fi ni sanin wannan, amma ita ba ta rubutu.

Halin da ya dame mu a gida shi ya ciyar da shi a waje. Ya koyi gyaran rediyo a Maraɗi, ya kama ɗan shago a Sabon Gari, daga baya ya koma kan ampili, wato akwatin ƙarfen nan da ke ba lasifika ƙarfi. Ba ya sayarwa. Zaɓa yake yi wa mutane. Masallatai, masu gidan kallon ƙwallo, masu kiɗan biki, duk wanda zai sayi ampili sai ya ɗauko Gado a kabu-kabu ya kai shi wurin mai kaya. Masu kaya ba sa son ganinsa. Ba ya karanta abin da aka rubuta a kwali. Yakan ce wanda ya buga manyan lambobin nan tawada kawai ya kashe. Shi dai zai ciro turnabis, abin kwance ƙusa, daga aljihu ya kwance murfi ya leƙa ciki, ya ɗaga na'urar ya ji nauyinta, sannan ya zauna ya rufe ido ya saurara. Ya sha gaya mini cewa ampili na gaskiya ba ya rasa nauyi, domin taransifo ɗin da ke cikinsa dunƙulen ƙarfe ne da tagulla, kuma tagulla ba a samun ta da arha.

Akwai wani dattijon coci a Tsibiri, Amos, wanda Gado ya zaɓa wa cocinsu ampili shekara goma sha tara da suka wuce, har yau yana aiki. Duk kaka Amos yana kawo masa buhun gero don godiya. Duk kaka Gado yana zura hannu har gwiwar hannu ya ji ko da yashi a ƙasa. Amos yakan tsaya yana dariya har ya gama.

Ni ma ba mai saurin yarda ba ce, jini ɗaya ne. Shekara uku da suka wuce na fara zargin kunnensa. In na yi magana ta hagunsa ba ya amsawa. Ya daina rufe ido in yana gwada na'ura, sai ya ɗora tafin hannu a jikin lasifika. Na faɗa masa kai tsaye. Ya ce tun da haƙorana suka zube nake cinye magana.

Ana nan sai Alhaji Abdulrazak, babban ɗan kasuwar hatsi, ya gina gida a Jiratawa kusa da lambunsa. A ciki ya ware ɗaki ɗaya marar taga, aka lulluɓe bangon da kafet, don kallon fim da ƙwallo. Lasifika bakwai aka kafa kewaye da kujeru, ga wata ƙatuwa a ƙasa mai gurnani. Na'ura biyu suka rage. Ɗaya ita ce mai raba sauti, wadda ke aika kowace ƙara zuwa lasifikar da ta dace. Ɗayar kuma ampili. Wani matashin ɗan kasuwa mai suna Bilal, mai sauke kaya daga Dubai, ya kawo mai raba sautin da ampili iri biyu, Alhaji ya zaɓi ɗaya. Alhaji ya ce ba zai zaɓa ba sai Malam Gado ya gani.

Da safen ranar Gado ya biyo ta gidana.

“Yaya, shirya mu tafi Jiratawa. Kya samo zogale.”

Shekara sittin da wani abu bai taɓa gayyata ta ko bakin titi ba. Na san ba don zogale ba ne. Na ɗauki mayafina na bi shi.

Mun tarar da na'urorin a kan tebur, baƙaƙe, suna sheƙi. Gado ya ciro turnabis. Bilal ya tare shi da hannu biyu.

“A'a, Baba, wanga ba irin na gidan biki ba ne. Ga tambarin garanti nan bisa kowace ƙusa. Ka yaga shi, kamfani ba ruwanshi da mu.”

“Wane kamfani? Ka taɓa ganin mai shi?”

“Baba, haka doka take.”

“Dokar wa? Ta wanda ba ya so a leƙa?”

Alhaji ya sa baki. “Malam Gado, bar tambarin nan. Kayan ba na wasa ba ne. Ka duba ta wata hanya.”

Wata hanyar ita ce nauyi da kunne, kuma ni na san ɗaya kaɗai ta rage masa. Ya ce a kawo sikelin da ake auna albasa a lambu. Aka kawo, aka shimfiɗa buhu a kai don kada fenti ya karce. Na farko ya yi kilo goma sha tara. Na biyu, da ƙyar mutum biyu suka ɗora shi, ya yi talatin da ɗaya.

“Wanga,” in ji Gado.

Bilal ya ce, “Baba ya san kaya.” Ya faɗa da sauri, tun allurar sikelin ba ta gama rawa ba. Wannan saurin bai yi mini ba. Na lura kuma bai yi mamakin ganin sikelin albasa a ɗakin kallo ba, kamar wanda ya zo yana jiran a kawo shi.

Aka haɗa wa mai nauyin wayoyi, aka kashe fitila, aka sa wani fim da ake ruwan sama a cikinsa. Gaskiya abin ya burge ni da farko, har na waiwaya ina neman inda rufi ke yoyo. Da jirgin sama ya taso a fim ɗin, ƙarar ta cika ɗaki, sai na ji ta tsage daga bayana ta hagu, kamar ana yaga sabon yadi. Ta lafa. Da aka yi tsawa ta sake. Alhaji bai kula ba, shi ƙarfin ne ya tafi da shi, yana ta buga hannun kujera. Na juya wajen Gado. Ba allon yake kallo ba. Fuskata yake kallo.

Aka kunna fitila. “To Malam Gado, ya ka ji?”

“Bari in sha iska tukuna, Alhaji.”

Na bi shi waje. Muka tsaya a bakin rijiyar lambu, rana tana dukanmu.

“Yaya, mi kika ji?”

“Kai mi ka ji?”

Ya ce, “Gurnani kawai. A ƙafata nike jin shi.”

Na koma ta damansa na gaya masa abin da na ji, da inda na ji shi, da lokacin. Ban sassauta ba.

“Kin tabbata? Ba kunnenki ba ne? Kin tsufa fa.”

“Na tsufa. Amma ni ban kawo kowa ya ji mini ba.”

Da ya yi shiru ya koma ya ce kaya sun yi, da an wuce wurin. Alhaji ya gamsu, Bilal ya gamsu. In na'urar ta mutu bayan wata shida, za a ce wutar lantarki ce. In kuwa ya buɗe, to zai ƙaryata zaɓin da ya yi da bakinsa a gaban mutane, kuma kafin magariba labarin zai kai Sabon Gari. Sunan nan nasa na mutumin da ba a cuta, ba shi da wata dukiya bayan shi. Ban ba shi shawara ba. Na san ba zai iya kwana yana zargin akwati a rufe ba, ko da shi ya zaɓe shi.

Ya koma ciki, ya zare wayar wuta, ya sa turnabis ya tsaga tambarin farko.

Bilal ya yi ƙara. “Alhaji, ka gani fa! Ba hannuna!”

Alhaji ya miƙe zai yi magana. Gado bai ɗago ba. “Ni na ce ka ɗauki wanga. In lafiya yake, ka gaya wa duk Maraɗi Gado ya haukace ya ɓata maka kaya.”

Ƙusa takwas ya kwance. Da ya ɗaga murfin, muka leƙa mu duka. Taransifo ɗin bai wuce dunƙulen hannuna ba. Ga ɗan allon wayoyi kamar faranti a gefe. Sauran wurin duk wani faffaɗan dutse ne da aka shafa wa baƙin fenti aka ɗaure da ƙarfe. Gado ya karce shi da bakin turnabis. Siminti.

Bilal ya rantse da Allah bai sani ba, ya ce haka aka sayar masa a rufe. Idonsa har da ƙwalla. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma ba wanda bai san Gado yana auna ampili ba, daga Maraɗi har Katsina, kuma har yau ina tuna saurin bakin yaron nan a gaban sikeli. Abin da zan faɗa don adalci shi ne, shi da kansa ya karɓi turnabis ya buɗe mai kilo goma sha tara. Wannan na gaske ne, tagulla cike. Shi Alhaji ya ɗauka.

Alhaji ya fara yabon Gado, yana cewa kunnensa ya fi na kowa. Gado ya katse shi.

“Ba kunnena ba ne, na yayata ne. Hagu ya mutu shekara uku, dama yana bin shi. Da na zo ni kaɗai, da siminti ka saya, kuma da ni na sa ka.”

Mai raba sautin ma Gado bai yarda ya yanke hukunci a kanta shi kaɗai ba. Ya zaunar da ni a kujerar tsakiya, yana aika ƙara lasifika ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina nuna inda ta fito da yatsa. Sau biyu ya yi kamar ya aika bai aika ba, don ya gani ko zan yi ƙarya.

Labarin ya riga mu isa gari, kamar yadda na zata. Masu kayan da ya daɗe yana kunyatawa suka sa masa suna Gado Siminti. Aiki ya ragu sosai. Masu gidan kallo suka koma wajen matasa masu duba lambobi a waya. Amos dai ya zo da geronsa, an kuma zura hannu a buhun. Dutsen simintin Gado ya roƙa a wajen Alhaji, yanzu shi ne ke tare ƙofar shagonsa.

Yana nan a Sabon Gari, yana buɗe abin da aka kawo masa. Bai ƙara yarda da kowa ba, sai dai ya ƙara kansa a cikin waɗanda yake zargi. Duk wanda ya zo ɗaukarsa zaɓen kaya, kafin ya hau babur yakan ce masa:

“Ka zo da mai kunne, wanda ba ɗan'uwan mai kaya ba. Ka tsaya ta damana, ka ɗaga murya. In na ce ya yi, kada ka yarda sai ka leƙa ciki da idonka.”