Gida Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mai Kati. Ya cika a kan bencin jira na babban asibiti, taku huɗu daga tagar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana zaune a bayanta. Dukanmu na Allah ne, shi ya ba da aro, shi ya karɓi abinsa. Wannan ba na ja da shi. Da mutane nake ja.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Jikata ce ke riƙe da biro, na kuma ja mata kunne cewa abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, kada ta wanke mini magana.

Mai Kati, kai ka san mu, amma masu karanta wannan ba su sani ba, bari in gaya musu. Mu masu fasa dutse ne. Muna zaune a bayan ramin da aka haƙo dutsen da ya gina rabin garin nan, har da shi kansa asibitin. Ɗakunanmu na langa-langa ne, ba layi, ba lamba. Dokar asibiti kuwa ta ce ba a yanka wa mutum kati sai mazauni, mai sunan layi da lambar gida. In ba kati, ba ganin likita. Akwai wata ƙofa ta gefe, mai gilashi da sanyi, inda mutanen ofis ke shiga a ɗauko musu katinsu suna zaune. Mu ko ƙofar da ake bin layi a rana ma ba ta karɓe mu ba.

Kafin in san ka, mutum arba'in da ɗaya muka binne waɗanda aka koro daga wannan taga. Ba a rubuce suke ko'ina ba, a kaina suke, kowa da sunansa da abin da ya kashe shi. Ta goma sha tara uwar 'ya'yana ce. Sau uku na kai ta a baro.

Shekara ashirin da takwas ke nan da na fara tsayawa a gabanka. Wannan mai rubutun ce a hannuna, tana wata uku, jikinta kamar garwashi, uwarta na bayana tana kuka. Ban zo da sa rai ba, na zo ne don kada a ce ban zo ba. Ka ɗago kai, da biro a maƙale a kunnenka.

"Lambar gida, Baba?"

"Gidana ba shi da lamba. Akwai tsohuwar taya a kan rufin, kowa ya san shi."

"Baba, takardar nan ba ta da gurbin taya."

Na juya zan tafi, ka ce in dakata. Ka leƙo ta tagar ka dubi yarinyar, ka daɗe kana dubanta. Sannan ka yi rubutu, ka buga hatimi, ka turo katin. Ka ce mu shiga, in mun fito mu jira ka tashi daga aiki.

Da yamma ka sa mu gaba har gidanka. Ɗaki biyu ne da 'yar baranda, da benci a ƙofa, da lamba goma sha bakwai an rubuta da shuɗin fenti. Ka ce in zauna, na zauna. Mai ɗakinka ta kawo ruwa, muka sha.

"Baba, ka zauna a gidan nan ko ba ka zauna ba?"

"Ga ni kuwa a zaune."

"To, shi ke nan. Takarda cewa ta yi mazauni, ba ta ce na kwana nawa ba. Ni ba na rubuta ƙarya."

Na yi dariya a ranar har da hawaye, ban kuma san wanne ya fi yawa ba.

Tun daga nan haka ka riƙa yi. Duk wanda ya zo daga bayan rami, lambar gidanka ce a katinsa, da sharaɗi ɗaya: sai ya zo ya zauna a bencin nan ya sha ruwa. Wanda aka kawo ranga-ranga, ka yanka masa kati, amma in ya tashi sai ya zo ya cika zaman. Ba ka taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan ba. Na tuna wani direban tifa da ya warke ya ƙi zuwa, wai shi ba ya son wasan yara. Ka tako har ramin da takalminka na ofis, ƙura ta yi maka fari fat, ka tsaya a gaban motarsa ka ce ba za ta motsa ba sai ya je ya mai da rubutunka gaskiya. Ya je. Ya sha kofi biyu don haushi.

Mai ɗakinka takan ce, "Ni fa babu macen da ta kai ni yawan iyali a garin nan, ga shi kofi biyu kacal gare ni." Ba ta taɓa ɗaure wa ɗayanmu fuska ba, ko da mun zo tana tsakiyar wanki.

Ni ma ka ba ni aiki ba tare da ka tambaye ni ba. Yawancinmu ba su san shekarunsu ba, takarda kuma tana son shekaru. Sai ka ce, "A kira mini Rajista." Sunan da ka laƙa mini ke nan, har ya bi ni. In zo in ce wannan an haife shi shekarar da bangon ramin gabas ya rufta, wancan shekara biyu bayan gobarar rumfuna, kai kuma ka lissafa a bayan hannunka. Akwai ranar da mai wankinmu ta kafe a kan ita talatin ce cif. Na ce ni na kai wa ubanta albishirin haihuwarta, ta haura arba'in da biyar. Ta ce, "Tsohon nan, Allah ya isa tsakanina da kai." Ka ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. A bakina ke talatin ce. Na takardar likita kaɗai zai gani, shi kuma an hana shi tsegumi."

Ba kullum muke shiri ba. Na sha ce maka taurin kanka ya yi yawa, kai kuma ka ce in ana maganar taurin kai ni in yi shiru. Na taɓa kawo maka zakara, ka mayar mini da shi har gida, ka ce in na sake za ka rubuta mini shekara ɗari a kati. Kwana tara ban gaishe ka ba. Kai ne ka fara zuwa.

A shekarun nan ashirin da takwas, lissafin kaina bai ƙaru da ko mutum ɗaya da ya mutu don an kore shi daga taga ba. An mutu, mutuwa ba ta daina ba, amma an mutu a kan gado, bayan likita ya duba. Wanda bai taɓa tura matarsa a baro ya dawo da ita a baro ba, ba zai gane bambancin ba.

Shekara biyu da suka wuce ka yi ritaya. Suka ba ka agogon bango da takarda mai zanen fure. Bana aka kwashe akwatunan kati na katako, aka kawo na'ura. Aka zuba mata sunaye, sai ta ga mutum ɗari shida da goma sha biyu a gida mai ɗaki biyu. Ta rufe lambar gaba ɗaya, wai sai an yi bincike. Ba ta tambayi dalili ba, waɗanda suka kawo ta ma ba su tambaya ba. A cikin katunan da ta rufe har da naka, da na mai ɗakinka, da na 'ya'yanku uku.

Kai kuma kana da hawan jini. Kowane wata kana karɓar magani da wannan kati.

Ba ka gaya mana ba. Wannan ne abin da na kasa yafe maka har yanzu, ina kuma roƙon Allah ya sa in iya. Mu mun ɗauka namu kaɗai aka rufe, muna ta zuwa ƙofarka da ƙorafi, kana ce mana mu yi haƙuri, kana kan maganar. Ni da bakina na ce maka, "Kai ai ka huta, naka na aiki." Ka yi murmushi ka miƙo mini ruwa.

Sai ranar da muka binne ka mai ɗakinka ta nuna mini wata takarda. Ashe tun zuwanka na farko neman a buɗe lambar sun ba ka ita a ofishin sama. Layi biyu ne. Ka sa hannu cewa mutum biyar ne mazauna gida mai lamba goma sha bakwai, sauran ba ka san da su ba, a buɗe maka katinka a ranar, a goge namu har abada. In ka ƙi, kowa ya jira bincike, har da kai. Ta ce ka ninke ta huɗu ka sa a ƙarƙashin agogon. Ta roƙe ka, babbar 'yarku ta roƙe ka, ta ce, "Baba, sa hannu kawai, daga baya a san yadda za a yi da su." Ka ce, "Sun zauna ko ba su zauna ba? Da idonki kin ga sun zauna. In ce ban san su ba? Shekara talatin ban rubuta ƙarya ba, sai yanzu da hannuna ke rawa?"

Sati bakwai ka yi ba magani na kirki. Ka sayi na shago, wani ya yi, wani bai yi ba. Sau uku ka koma asibiti. Na farko aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Na biyu aka ce na'ura ba ta da wuta. Na uku, ranar Talatar nan, ka bi layi kamar kowa, ba ka ce a san ka ba. Matar da ke tagar yanzu ta danna, ta sake dannawa, ta ce, "Baba, ta ƙi." Ka ce ba komai, bari ka ɗan zauna. Bencin nan kai ka sa kafinta ya ƙara masa jingina saboda tsofaffi. A kansa ka kife.

Da ka faɗi, babu wanda ya tambayi kati. Aka zo da gado mai taya a guje, aka shigar da kai ta ƙofar gilashi. Ashe ƙofar tana buɗuwa. Ashe ana iya shiga ba lamba, in dai mutum ya gama mutuwa.

Ba na zagin matar tagar. Na ga ta zo gaisuwa, idonta ya kumbura. Amma ga abin da nake so kowa ya ji. Da za a rubuta takardar shaidar rasuwarka, sun tambayi lambar gida. Ɗanka ya ce goma sha bakwai. Suka danna, na'urar ta karɓa nan take, ko tari ba ta yi ba.

Jikata ta ajiye biro a nan, ta ce, "Tsoho, wannan fa manya za su ji haushi." Su ji. Ɗauki ki rubuta, amarya, ai ba da kuɗinsu aka sayi biron ba.

Ga ta nan zaune gabana, cikinta wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Kafin a rufe katin, ungozoma ta ce lallai a riƙa auna jininta kowane sati. Yau sati na takwas ba a auna ba. Ita ce ta farko da aka rubuta a lambar gidanka, Mai Kati. Na rantse ba za ta zama ta arba'in da uku a lissafina ba. Na arba'in da biyu kai ne. Ban taɓa zaton zan sa mai lambar gida a cikinsu ba.

Ranar zaman makoki mun zo dukanmu. Ramin bai ji ƙarar guduma ba ranar. Muka cika baranda, muka cika layin, har kwanar mai faci. Direban tifa, da furfurarsa, shi ke raba ruwa. Wani daga cikin manyan asibitin ya zo da mota, ya rasa inda zai ajiye ta, ya tambayi mai ɗakinka su wane ne waɗannan haka. Ta dube shi ta ce, "'Yan gida ne."

Yanzu an aiko cewa masu bincike za su zo ranar Litinin da safe su ƙirga mazauna gidan. Sati bakwai ba su zo ba kana da rai, sai yanzu. Takardar nan tana nan ƙarƙashin agogo. An ce wa mai ɗakinka ita ma tana iya sa hannu a buɗe nata, ita ma kuwa tana da ciwon da ke son magani. Na je na ce mata, 'yata, ki sa, mun ci miki miji, kada mu ci ki. Ta ce, "Baba, ku dai ku zo da kofunanku."

To, za mu zo. Ɗari shida da bakwai, tun da Allah ya ɗauki huɗu a cikinmu bana, kai na biyar. Wanda ba ya iya tafiya za mu kawo shi a baro. Za mu zauna. Duk wanda suka yi shakkarsa, ga ni, zan faɗa musu sunansa da na uwarsa da ranar da ya sha ruwa a bencin nan. In sun ce su dawo gobe, gobe ma za su same mu.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka uku, da jikokinka. Ku yafe mana. Mun shigo muku gida da ciwonmu, muka fita da mai gidan. Allah ya ba ku haƙurin da ni na rasa, ya tsaya muku yadda ya tsaya mana.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya shi kamar ruwan da ya shayar da mu. Ka sauki yarinyar nan lafiya. Waɗanda suka bar shi a kan benci kuwa, kai ka san su, ni na bar maka su don ba ni da ƙarfinsu.

Mai Kati, ka riga mu. Allah ya sa ka zama mazauni a gidan da ba a tambayar lamba a ƙofarsa. In an ba ka wuri, ka ajiye benci.